Waɗanne littattafan Hausa ne ba sa fita a rai bayan an rufe su?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Malamaina da iyayena mata, shawara nake nema. Muna so mu haɗa ɗan akwatin littattafai saboda matasan unguwa, maza da mata, 'yan shekara 15 zuwa 20, su riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako ana karatu tare. Kuɗin da ke hannu ba zai wuce na littafi 10 ko 12 ba. Yaran suna karatu, amma a waya, kuma in ka tambaye su labarin da suka gama makon jiya, ko sunan mai labarin ba sa iya kawowa. Muna neman irin littafin da zai zauna musu a rai har girmansu. Waɗanne za mu saya, da wanne za a fara, kuma me ke watsa irin wannan zama don mu kiyaye?

Malamin Adabi:

Wa alaikumus salam. Allah ya yi wa wannan niyya albarka, ɗan'uwa.

Ma'aunin da zan ba ka ɗaya ne. Littafin da ke zama a rai shi ne wanda ya bar mai karatu da wani mutum da ya kasa yanke masa hukunci, ko wata tambaya da marubucin bai amsa masa ba. Wanda aka ɗaure komai a ƙarshensa, mugu ya mutu, nagari ya yi aure, da an rufe shi ya tafi. Da wannan ma'aunin za ka zaɓa.

Ka fara da littattafan gasar 1933, wadda Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a ƙarƙashin Rupert East. Sirara ne, ba su da tsada, kuma Hausarsu tsabtatacciya ce. Amma jerin da za a bi yana da muhimmanci.

Zama na farko da na biyu, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Dalili shi ne dariya. Matashin da bai saba zama ya saurari karatu ba, sai an fara kama shi da abin da zai sa ya dawo mako mai zuwa, kuma ramuwar gayya da ake ta yi tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman tana yin wannan aikin. Ku raba muryoyi: mutum ɗaya ya ɗauki Alhaji, wani ya ɗauki Zurƙe, na uku ya karanta sauran bayani. In an gama sai ka tambaye su, tsakanin mutanen nan biyu wa ya fi wani zalunci? Za ka ga musu ya tashi, domin shi Alhajin da ke ba da labarin ba tsarkakakke ba ne.

Bayansa Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A nan ne zaman zai yi tsit. Labari ne na yaron da aka sace aka bautar, aka ƙetara hamada da shi, ya tashi a hannun wani Balarabe har ya zama babban malami, da kuma mahaifiyarsa da ta bar gida ta bi sawunsa ita kaɗai, ita ma ta faɗa hannun masu bautarwa. Marubucin ba ya kuka a madadin mai karatu. Yana faɗar abu mafi ciwo da murya a kwance, kamar yadda dattijo ke ba almajiransa labari, kuma wannan kwanciyar ce ke sa abin ya shiga jiki. Kafin a fara, ka ɗauki minti 10 ka nuna musu taswira: ga ƙasar Hausa, ga Murzuk, ga Tarabulus, ga Masar. In ba su ga nisan ba, tafiyar uwar nan ba za ta yi musu nauyin da ya kamata ba. Kuskuren da aka fi yi da wannan littafi shi ne a mai da shi darasin tarihin cinikin bayi, a yi ta lissafa hanyoyin fatake, a manta da matar.

Na uku Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East. Malam Shehu mai dukiya ya raba Abubakar da Zainab, Abubakar kuma ya ɗauki fansa a kan ɗan da aka haifa, Kyauta, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Ba zan faɗi ƙarshensa ba, kuma kai ma ka hana wanda ya riga ya karanta ya faɗa. A ganina cikin littattafan gasar nan babu wanda ya kai shi barin tabo, don babu wanda za ka nuna a ciki ka ce shi ne mai gaskiya tsantsa.

Magana Jari Ce kuwa, wanda ya fito littafi uku tsakanin 1937 da 1939, kada ku karanta shi a jere kamar sauran. Ku mai da shi abin buɗe zama, labari ɗaya kowane mako, minti 10 zuwa 15. Sai dai a kiyaye abu guda: kada a tsallake maganganun da ke tsakanin labaran. Mutane da yawa sun san Kalala da Kalalatu, sun san Sahoro da Sahorama, amma ba su san dalilin da ya sa aku yake ta zuba labari a littafi na ɗaya ba, wato yana riƙe Musa ɗan sarki ne kada ya fita ya faɗa tarkon waziri. In aka cire wannan, an cire fargabar da ke riƙe da littafin, sai ya koma tarin tatsuniyoyi.

Game da tsawon zama: karatu minti 40, tattaunawa minti 20. Shafi 10 zuwa 15 ya isa. Ka tsayar da karatu a inda rai ke son ci gaba, ko da babi bai ƙare ba.

Uwar Ɗalibai:

Malam, Allah ya ƙara sani, ban ƙi ko ɗaya cikin waɗanda ka kawo ba. Amma ɗana mai tambaya ya ce akwai 'yan mata a zaman, kuma duk littattafan nan maza ne suka rubuta su kafin a haifi kakannin yaran. In aka yi wata uku ba su ji muryar da ta yi kama da ta gidajensu ba, matan za su fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, ba kuma za su faɗa maka dalili ba.

Ka sa Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta, ita kuma ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Abin da ke sa ba a manta shi ba shi ne ƙananan abubuwa: kuɗin cefane da ba ya isa, kuɗin makaranta, yadda dangi ke shiga magana. Ƙarshensa kuma yana raba kan masu karatu, wasu su ce an yi wa Rabi adalci, wasu su ce an sake danne ta. Ka ware zama guda cur saboda wannan musun, kuma ka bar matan su fara magana kafin mazan, in ba haka ba mazan za su cinye lokacin. Littafin ya kai har Indiya, inda aka buga fassararsa ta Turanci a 2012, wadda Aliyu Kamal ya yi.

Wani littafin nata, Wa Zai Auri Jahila?, kan Abu ne, yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa dattijo. Ga 'yan shekara 15 zuwa 20 babu batun da ya fi wannan kusa da su. Shawarata a nan, ka sanar da iyaye abin da za a karanta tun kafin a fara. Zama irin wannan ya fi mutuwa ta hanyar uba ɗaya da ya ji rabin labari a bakin 'yarsa ya hana ta zuwa, sauran iyaye su bi.

Sai So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, 1980, daga gasar da kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya shirya, wanda ake lissafa shi a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Gajere ne, zama biyu ya ishe shi. Boɗaɗo 'yar Fulani ce da ta tsaya kan wanda take so alhali ba ɗan ƙabilarta ba ne. Akwai kalmomin Fulatanci a ciki, don haka in da mai jin yaren a cikinku, a ba shi wuraren ya karanta.

In kuɗi ya ragu, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Da yawa cikin iyayen yaran sun karanta shi a ƙuruciyarsu, kuma yaro ya koma gida ya tarar uwarsa ta san Sumayya da Muhammad, wannan kaɗai yana ƙara wa littafi daraja a idonsa.

Ɗan Tudun Wada:

Na gode Malam, na gode Hajiya. To ga samarin da suka fi son faɗa da siyasa fa? Kuma wani ya ba mu shawarar Dare Dubu da Ɗaya, me kuka gani?

Sha'irin Zazzau:

Ga samarin, Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, 1982, kan Alhaji Gabatari ɗan fasa-ƙwauri da yadda kuɗi ke sayen mutane. Sai Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa littafin George Orwell a 1975. Kada ka gaya musu wace dabba ce ke wakiltar wa, ka bari su gano da kansu. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare yana da ƙarfi ƙwarai, amma akwai zubar da jini da yawa kuma yana da kauri, ka ajiye shi sai shekara ta biyu, ga manyan cikinsu.

Abin da ban ga an ambata ba shi ne waƙa, alhali ita ta fi komai zama a ka. A sami Waƙar Imfiraji ta Aliyu Namangi da waƙoƙin Sa'adu Zungur, musamman Arewa Jumhuriya ko Mulukiya. Sharaɗi ɗaya ne: ba a karanta su da ido. An gina su a kan kari, kuma in ba a rera ba, karin ba ya fitowa, yara su ce ba daɗi. A nemo dattijo ko dattijuwa da ta san muryar Imfiraji ta rera baiti 5, yara su maimaita, a bayyana kalmomin Larabcin da ke ciki, a tsaya nan. Baiti 5 a mako, ba ƙari. Wanda ya ɗora musu baiti 30 a zama ɗaya ya kashe musu sha'awar.

Mai Shagon Littattafai:

Ɗan'uwa, Dare Dubu da Ɗaya na manya ne. Fassarar Hausar ba ta ɓoye abubuwan da ke tsakanin mace da namiji ba, kuma in ya shiga akwatin 'yan shekara 15, maganar da Hajiya ta yi kan iyaye ita za ta same ku. A bar shi.

Ga abin da za ka duba wajen saye, ko a Sabon Garin Kano ne ko a Zariya ko wani wuri.

Littattafan da aka buga a Kano daga wajen 1990 zuwa sama yawanci kashi-kashi suke fitowa, na 1, na 2, wani har na 3 ko na 4. Kada ka biya kuɗin na 1 sai an ɗora maka sauran a hannu. Ka buɗe shafin ƙarshe na kashin ƙarshe ka tabbata labarin ya ƙare, ba a rubuta a nemi ci gaba ba. Tsofaffin littattafan nan ba kullum ake sake buga su ba, kuma in ka tafi da rabi, kana iya yin wata da watanni ba ka sami cikon ba.

Ka bi lambobin shafi da yatsa tun daga farko har ƙarshe. Ana naɗe takardun ne damƙi-damƙi, sau da yawa shafi 16 a damƙi, to in mai ɗinki ya yi kuskure sai ka ga an tsallake daga shafi 32 zuwa 49, ko an maimaita damƙi ɗaya sau biyu. Minti biyu wannan dubawar za ta ci maka.

Ka lura da bugun sata. Alamarsa rubutu mai dishi-dishi, hotuna sun zama baƙi ƙirin, gefen shafi ya karkace. A Magana Jari Ce wannan asara ce babba domin zanen da ke ciki yana taimaka wa yaro. Haka kwafen da ke yawo a waya: da yawa an sake buga su da hannu, ƙugiyoyin ƙ da ɗ da ɓ sun zube, an yanke sakin layi, wani wurin ma an taƙaita. Wanda ke koyon karatu a bayyane zai yi ta tuntuɓe a kansu.

Da kuɗin littafi 12, ni ba zan ba ka shawarar sayen iri 12 ba. Ka sayi iri 6, kowanne kwafi 2, ɗaya a hannun mai karantawa, ɗaya yana zagayawa ana bi da ido. In iri ɗaya kwafi ɗaya ne, ranar da wani ya ara bai dawo da shi ba, zaman makon ya tashi.

Masu ɗinkin waya, wato waɗanda aka maƙale da ƙarfe a tsakiya, suna tsatsa da damina, tsatsar ta ci takarda, shafukan tsakiya su fara zubewa. Ka cire ƙarfen tun suna sababbi, ka ɗinke da zare mai kauri ta huji uku, ka sa bango na kwali, ka lulluɓe da leda. Akwatin kuma kada ya zauna a ƙasa ko ya jingina da bangon ƙasa saboda gara, a ɗora shi kan benci ko bulo. Ka ajiye ɗan littafin rajista a ciki, a rubuta sunan mai aro da ranar da ya ɗauka, kuma aro kada ya wuce kwana 7, wato daga zama zuwa zama.