Shawarwarin lauyoyi a Sakkwato kan ƙarar zaɓe

Abin da lauyoyin suka fi nanatawa shi ne lokaci. Sashe na 285 na tsarin mulkin 1999 ya ba mai ƙorafi kwana 21 bayan sanar da sakamako ya shigar da ƙara, kotun zaɓe kuma kwana 180 daga ranar shigar da ƙarar ta yanke hukunci. Wanda ya makara ko da kwana ɗaya, shi ke nan.

Ɗan takara ko jam'iyya kaɗai ke iya shigar da ƙarar. Gudummawar talaka ita ce shaida. Wakilin akwati ya adana kwafin EC8A (takardar sakamakon rumfar zaɓe) mai sa hannu, don shaidar "an ce" ba ta tsayawa gaban alƙali. A zaɓen gwamnan Sakkwato na 2019 ƙuri'a 342 kacal ta raba Tambuwal da Ahmed Aliyu, har sai da aka je Kotun Ƙoli.