Sabon tsarin Windows 11 da ƙorafin masu aiki da shi

Mai Gyaran Kwamfuta: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ofisoshi da shagunan buga takardu suna ta komawa Windows 11, ma'aikata kuma sai ƙorafi. Kowa ya kawo abin da ya fi damun mutane da maganinsa.

Malamin Kwamfuta: Wa alaikumus salam. Na farko maɓallin Start ne. Tun Windows 95 yake kusurwar hagu ta ƙasa, hannu ya saba jan linzami (mouse) har ƙurya ba sai ido ya duba ba. Da aka dawo da shi tsakiya, duk manhajar da aka buɗe sai ya ɗan gusa, dole a neme shi. Gyaran bai kai minti ɗaya ba: a shiga Settings, sai Personalization, sai Taskbar, sai Taskbar behaviors, a mayar da Taskbar alignment zuwa Left. A yi wannan tun kafin a miƙa wa mai ita na'urar.

Hajiya Mai Buga Takardu: Malam, canjin jerin umarnin da ke fitowa idan an danna-dama, wato maɓallin dama na linzami, ya fi ciwo ga mai aiki da fayil ɗari a rana. Kwafa, yankewa da sake suna sun koma 'yan hotuna ƙanana, sauran umarni kuma an ɓoye su ƙarƙashin Show more options. Aikin dannawa ɗaya ya zama biyu. A riƙe Shift yayin danna-dama, tsohon jerin zai fito kai tsaye. Mafi sauƙi ma a koya wa yara F2 don sake suna, da Ctrl+C da Ctrl+V don kwafa da liƙawa, waɗannan ba su canja ba. Ni dai ban ga laifin mai ƙorafi a nan ba, lokacinsa ake ci.

Injiniya: Gaskiya ne, Hajiya. Amma a duba sigar da ke kan na'urar kafin a yanke hukunci. Ta 2021 ba ta barin a ja fayil a ajiye kan manhajar da ke layin ƙasa, wato Taskbar. An dawo da hakan a sigar 22H2 ta 2022. Zaɓin hana haɗe tagogin manhaja wuri ɗaya a layin ƙasa ya dawo a 2023. Danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta winver, za a ga sigar. Da yawa masu kuka tsohuwa suke riƙe da ita saboda tsadar data.

Malamin Kwamfuta: Haka aka yi da Windows 8 a 2012, aka cire maɓallin Start gaba ɗaya, 8.1 ta dawo da shi a 2013. Shawarata kada a sauya wa ofis duka na'urorinsa rana ɗaya. A fara da biyu, a ba wanda ya fi saurin hannu mako guda, shi zai nuna wa sauran.

Injiniya: Kuma a yi hattara da manhajojin da ke dawo da tsohuwar fuska. Sabuntawa ta gaba kan iya karya su, layin ƙasa ya ɓace ɗungum.