Shuka duma a bayan gida: rumfa ko ƙasa?

Maman Ummi: Assalamu alaikum. Fili ne ɗan ƙarami a bayan ɗaki, nan Arkilla a Sakkwato, taku shida kan huɗu. Ludayi nake so da ƙoƙon fura. Ga shi Yuni ya kusa ƙarewa, in kafa rumfa ne ko in bar shi ya yaɗu ƙasa?

Manomin Kwalkwalawa: Hajiya, fara da jiƙa irin kwana ɗaya, ɓawonsa tauri gare shi. Rami ɗaya iri uku, zurfin gaɓar yatsa, da takin awaki wanda ya ruɓe. Cikin sati biyu zai fito, ki bar mai ƙarfi guda. Tsakanin rami da rami taku biyu manya.

Baba Mafafi: Kada ki shuka ludayi kusa da ƙwarya. Furensu fari ne, da yamma yake buɗewa, ƙwarin dare ke kai garin fure daga wannan zuwa wancan. Bana za su fito daidai, amma irin da kika ajiye baɗi sai ya ba ki abin da ba ludayi ba, ba ƙoƙo ba. Wannan ne ya lalata irin kasuwa, kowa na tallan irin masaki, a shuka a ga buta. Kuma tsada!

Ɗan Mabera: Wace tsada, Baba? A ƙauye kyauta ake ba da shi in an fafe.

Baba Mafafi: Kyautar ce ke kawo garwaye, yaro.

Malama Asabe: Ba ku amsa mata ba. Ludayi rumfa yake so, in ya rataya wuyansa yake miƙewa. Ƙoƙo ƙasa, a zaunar da shi kan gindinsa a sa hakin gero ƙarƙashi kada ya ruɓe. Yana cin wata huɗu, damina za ta ɗauke kafin ya ƙosa, sai an ƙara da ban ruwa a Oktoba. Kada a tsinke sai karan ya bushe.

Ɗan Mabera: Ban ruwa da kuɗin 'yan ga-ruwa? Ludayin roba ya fi araha, wallahi.

Manomin Kwalkwalawa: Ruwa ba shi ne matsala ba, awakin unguwa ne. Dangar kara ba ta tsare su, rana ɗaya su cinye tohon.

Maman Ummi: To na maƙwabciyata ma ta katanga suke haurowa. Wa ake kai wa ƙara, mai unguwa?