Gahawar Mambila: a ina take lalacewa tsakanin tsinka da buhu?

Ɗan Gembu:
Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masana. Ƙananan manoma a kewayen Gembu, a kan tsaunin Mambila, suna da gahawa irin Arabika, tsaunin ya haura mita 1,500, ga sanyi ga ruwan sama. Amma in aka kai wa masu suyar gahawa samfur sai su ce akwai tsami da warin funfuna, ba ta kai ta musamman ba, wato gahawa mai daraja ta sama. A ina matsalar take? Kuma mai son saye kai tsaye daga hannun manomi, busasshiya zai saya ko ɗanya?

Malam Na-Gona:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ɗanya za ka saya, ranar da aka tsinke ta. In ka sayi busasshiya, ka sayi kuskuren gida talatin a buhu ɗaya, ba ka kuma san na wane ne ya ɓata ba.

Ɓarnar daga tsinka take farawa. Mai tsinka yakan kama reshe ya zage shi gaba ɗaya, kore da ja da wanda ya yi baƙi. Koren shi ke kawo baurin nan mai kama harshe, baƙin kuma tsami. Wadda ta nuna jawur kaɗai ake so, in ka matsa ta da yatsa biyu ƙwayar ta sulɓe, ruwa mai danƙo ya biyo. Tun da ba tare suke nuna ba, dole a riƙa komawa bishiya ɗaya duk bayan kwana 8 zuwa 10. Wadda ta faɗi ƙasa ba ta shiga kwando, amma a tsince ta a ƙone, don a cikinta ƙwaro mai huda ƙwaya yake hayayyafa.

Da an kawo, a zuba a baho cike da ruwa. Duk abin da ya taso sama a kwashe a shanya daban, fanko ne ko cin ƙwaro. Abin da ya nutse a ɓare shi da injin hannu kafin awa 8 daga tsinka. Kada ta kwana cikin buhun leda. Sa hannu a tsakiyar buhun da ya kwana za ka ji ɗumi kamar burodi, tsamin da ake faɗa maka ke nan ya soma. A kuma gwada injin da ɗan kaɗan tukuna: in ya matse yana gutsurar ƙwaya, in ya yi sako-sako ɓawo na wucewa.

Sai tsimawa, wato a bar ɓararriyar a baho don yauƙin da ke jikin ƙwayar ya saki. A wuri mai ɗumi awa 12 zuwa 18 kan isa, amma a sanyin Mambila tana iya kai 36. Agogo ba ya yanke hukunci a nan. Ɗebi cikin tafi ka wanke ka murza. In ta yi kaushi tana ƙara kamar tsakuwa, ta yi. In da santsi, a ƙara mata lokaci. In warin ya koma na ruɓaɓɓiyar albasa, an makara. A wanke sau uku da ruwa mai tsabta, a kuma goge bahon kafin zubin gobe, domin ƙwaya ɗaya da ta maƙale ta ruɓe tana ɓata kofin shan gaba ɗaya.

Baba Mai Rumfa:
Malam ya yi bayani, sai dai ba kowane ƙauye ke da injin ɓarewa da ruwa wadatacce ba. Ana iya shanya ta da ɓawonta, kuma masu saye da yawa na son zaƙin da take bayarwa. Amma a lura da lokaci. Farkon tsinka ruwan sama bai gama ɗaukewa a tsaunin ba, ga hazo da raɓa, mai ɓawo kuwa tana cin mako 3 zuwa 4 kafin ta bushe, ɓararriya kwana 10 zuwa 15. Don haka tsinkar farko a wanke, sai hunturu ya kankama a shanya da ɓawo.

Ko wacce ce, ban da shanya a ƙasa. A kafa gado tsawon ƙugu, faɗinsa yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe, a shimfiɗa raga yadda iska za ta ratsa ta ƙasa. Kaurin shanya kada ya wuce yatsa biyu, a juya duk awa ɗaya ko biyu, ana juyawa ana tsince masu lahani. Da tsakar rana a yi mata inuwa, zafi mai yawa yana tsaga ɓawon ciki, wato siririn ɓawon da ke lulluɓe da ƙwayar. Da yamma a rufe, amma tamfol kada ya kwanta a kanta, gumi zai sauko. Kuma ban da zuba ta yau a kan ta shekaranjiya. Daga nan funfuna ke samun ƙofa.

Hajiya Mai Suya:
Bari in faɗa muku abin da mai saye ke dubawa. Gahawa ta musamman ita ce ta samu maki 80 ko fiye cikin 100 a hannun ƙwararrun masu ɗanɗano. Kafin nan ana auna giram 350 a baje a tsince. Babban lahani, irin ƙwaya baƙa wuluk, mai tsami, mai funfuna ko dutse, ko ɗaya ba a yarda da shi. Ƙananan lahani kada su wuce 5. Danshi tsakanin kashi 10 da 12 cikin ɗari. Cizawa da haƙori kintace ne, ƙungiyar manoma ta haɗa kuɗi ta sayi na'urar auna danshi ko da guda ɗaya.

Abin da ake yawan mantawa shi ne ajiya. Gahawa tana shan wari kamar soso. Buhun da ya taɓa ɗaukar taki, ɗakin da ake hura wuta, jarkar fetur a bayan mota ɗaya, duk za su fito a baki. A bar ta cikin ɓawonta na ciki ta huta wata ɗaya zuwa biyu, a kan katako, nesa da bango, cikin leda mai hana iska irin GrainPro sannan buhun algarara a waje. Sai za a aika ake cashe ta.

Ɗan Gembu:
Allah ya saka da alheri. To Malam, yaya ake yanke farashin ɗanya ba a cuci kowa ba?

Malam Na-Gona:
Da sikeli, ban da mudu. Kilo 100 na nunanniya kan ba da kamar kilo 20 na busasshiya mai ɓawon ciki, in an cashe ya koma 16 ko 17, tsinta kuma ta sake rage wani abu. Wato kusan kilo 6 na ɗanya ne kilo ɗaya na sayarwa. Ɗauki farashin kilo ɗaya da mai suya ya yarda, cire kuɗin leburori, buhu da motar saukowa daga tsauni, abin da ya rage ka raba shida, shi ne farashin kilon ɗanya.

Biya kashi biyu ya fi. Na farko a hannu ranar awo, kuma ya ɗara na dillali, don tsinkar zaɓe tana cin lokaci, ba mai yin ta kyauta. Na biyu bayan an ɗanɗana an sayar. Wannan ba zai yiwu ba sai da littafi: sunan manomi, ƙauye, rana, kilo, da lambar gadon shanya. In kuma Turai kake hange, dokar Tarayyar Turai ta 2023 tana neman taswirar kowace gona da shaidar ba a sare daji an dasa ta bayan 31 ga Disamba 2020 ba, don haka ɗauki alamar wurin da waya tun ranar da ka rubuta sunan manomi. Maganar iri da tsiro kuwa, a tuntuɓi reshen Cibiyar Binciken Koko ta Najeriya da ke Kusuku, gahawa na cikin aikinsu.