Tunda CPU na kashi 2, ashe laifin faifai ne?

Sagir: Jama'a, sabarmu ta biyu, wadda ke kwafar bayanai daga babban rumbun MySQL (manhajar adana bayanai), kullum tana baya da mintuna. CPU kuwa kashi 2 cikin 100 yake nunawa. Ni dai na ce faifai ne ya gaji, a sauya shi kawai.

Hajiya Binta: Ƙwayar CPU (core) nawa ke cikin sabar?

Sagir: 64.

Hajiya Binta: To ka gani. Ƙwaya ɗaya ta cika maƙil, sauran 63 na zaune, matsakaicin zai ba ka kusan kashi 1.6. Buɗe manhajar top ka danna 1, ko ka sa umarnin mpstat -P ALL, ka duba kowace ƙwaya daban. Kafin MySQL 8.0.27, in ba ka saita da kanka ba, zare guda (thread, wato layin aiki ɗaya da ke gudana kan ƙwaya ɗaya) ne ke zuba canje-canjen a sabar kwafi.

Injiniya Lawal: Hajiya, da girmamawa, kin yi saurin yanke hukunci. Faifai mai nauyi ma yana jawo irin wannan jinkirin. Ya duba iostat, mai nuna aikin faifai, tukuna.

Hajiya Binta: Ya duba mana, ban hana ba. Abin da na ƙi shi ne a ce CPU ya fita daga zargi saboda lamba ɗaya.

Malam Habu: Ni ma lambar ce ba na yarda da ita, ko da ta yi sama. In an kunna hyperthreading, zare biyu ne ke rabon ƙwaya ɗaya, sai ka ga kashi 50 ka ɗauka saura rabi, alhali ɗan abin da ya rage bai kai haka ba. Brendan Gregg, masanin auna aikin kwamfuta, ya yi wannan bayanin a 2017: lokacin da ƙwaya ke tsaye tana jiran RAM ma ana lissafa shi a matsayin aiki.

Injiniya Lawal: Wannan kuma wata magana ce, Malam. Sagir kashi 2 yake gani, ba 50 ba.

Sagir: Na danna 1. Ƙwaya ɗaya na kan 99, faifai kuwa kusan ba ya komai.

Injiniya Lawal: Na ji. Amma kafin ka ƙara replica_parallel_workers, wato saitin yawan zaren da ke zuba canje-canjen, tabbatar teburanku duk suna da primary key (shaidar da ke bambanta kowane layi a tebur), in ba haka ba zare goma ma za su yi ta jan ƙafa.