Maikro da makro: wane suna za mu ba su da Hausa?

Assalamu alaikum malamai, masu fassara da ɗaliban tattalin arziki. Akwai kalmomi biyu da ɗalibi ke cin karo da su tun makon farko a jami'a, wato maikro-ikonomiks da makro-ikonomiks, kuma har yau ba mu tsaya a kan suna ɗaya ba. Kowa da yadda yake fassara su. Ina so mu zauna a kansu a wannan zaren, domin sunan da ka ba ɗalibi a farkon karatu shi ne zai riƙa tunani da shi har ya gama.

Abin da na fi gani shi ne "ƙaramin tattalin arziki" da "babban tattalin arziki". Na san inda aka samo shi. A Girkanci mikros na nufin ƙarami, makros kuma dogo ko babba, sai aka bi kalmar sawu da ƙafa. To amma Bahaushen da ya ji an ce ƙaramin tattalin arziki, abin da zai zo masa a rai shi ne ƙasa mai ƙaramin ƙarfi, babban tattalin arziki kuwa irin na Amurka ko Sin. Haka ma kafafen labarai ke amfani da shi kullum: "ƙasa mafi girman tattalin arziki a duniya". Wannan gurbin yana da mai shi, ba za mu iya ƙwace shi ba.

Ko da gurbin a buɗe yake, ma'anar ta karkace. Bambancin fannonin nan biyu ba a girma yake ba. A shekarar 2018 darajar kamfanin Apple a kasuwar hannun jari ta kai dala tiriliyan ɗaya, amma idan kana nazarin yadda yake yanke farashin wayarsa, da yadda masu saye ke ja da baya idan farashin ya ɗaga, maikro kake yi. Ƙasar tsibiran Tubalu da ke tekun Fasifik kuwa, mutanenta ba su kai dubu 15 ba, amma idan kana duba hauhawar farashi da rashin aikin yi a faɗin ƙasar, makro kake yi. Ka ga babba ya faɗa ɓangaren "ƙarami", ƙarami ya faɗa ɓangaren "babba". Sunan da zai sa ɗalibi ya juya wannan, bai kamata mu koyar da shi ba.

Ainihin bambancin yana ga yadda ake kallo. Na farko, wato maikro, yana ɗaukar masu yanke shawara ɗaya bayan ɗaya: gida guda, kamfani guda, kasuwar kaya guda. Me ya sa mai saye ya zaɓi wannan ya bar wancan, ma'aikata nawa kamfani zai ɗauka kafin ƙarin mutum ɗaya ya daina biyan kuɗin aikinsa, a ina buƙatar masu saye ke haɗuwa da abin da masu sayarwa suka fito da shi har farashi ya tsaya. Na biyu, wato makro, yana haɗa su duka ya yi lissafi a kan abin da ya taru: duk abin da aka samar a shekara, matsayin farashi gaba ɗaya, yawan marasa aiki, yawan kuɗin da ke yawo.

Wani zai ce, to ai idan ka san na ɗaiɗaiku, sai ka tara kawai ka samu na kowa. A nan ne gizo ke saƙar, kuma kalmarmu ta tattali ma ta isa ta nuna shi. Idan gida ɗaya ya ƙara tattali, ya rage kashe kuɗi ya ƙara ajiya, ya yi dabara, gobensa za ta fi yau. Idan kuwa dukkan gidaje suka yi haka lokaci guda a sa'ad da kasuwa ke kwance, ciniki zai ragu, kamfanoni su rage ma'aikata, kuɗin shigar jama'a ya faɗi, daga ƙarshe abin da aka ajiye gaba ɗaya yana iya ƙin ƙaruwa, yana ma iya raguwa. Dalili shi ne kuɗin da ka kashe shi ne kuɗin shigar wani. Wannan hujjar ce masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ya yaɗa a littafinsa na 1936, bayan durƙushewar tattalin arziki da ta fara a 1929, wadda a 1933 ta bar kusan kashi 25 cikin ɗari na ma'aikatan Amurka ba aiki. A wannan shekarar ta 1933 ne kuma Ragnar Frisch, wani masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Nowe, ya yi amfani da maikro da makro wajen raba nazarin gida biyu. Abin lura shi ne, abin da ke daidai ga mutum ɗaya ba lallai ya zama daidai ga jama'a a haɗe ba. Sunan Hausa da bai nuna wannan ba, ya bar muhimmin abu a baya.

Bari in bi shawarwarin da suka shigo.

Wani malami ya ce mu ɗauki "na gida" da "na ƙasa". Yana da daɗin faɗa, kuma asalin kalmar ikonomiks ma daga kalmar Girkanci oikos ne, wato gida. Sai dai "tattalin arzikin cikin gida" ya riga ya zama kishiyar na waje, kuma kamfanoni da kasuwanni ba gida ba ne. "Na ƙasa" shi ma ya yi ƙunci. Ƙasashen da ke kashe kuɗin Yuro tun 1999 babban banki ɗaya ke yanke musu kuɗin ruwa daga birnin Farankfot, kuma nazarin wannan makro ne zalla alhali ba ƙasa ɗaya ba ce.

Wata malama ta tuna mana da Larabci, inda ake cewa juz'i da kulli. Gaskiya Larabawa sun dace, domin sun bar maganar girma sun kama ta sashe da gaba ɗaya, kuma wanda ya yi karatun manɗiƙi zai gane nan take. Matsalar ita ce juzu'i a kunnen yawancin Hausawa kashin littafi ne, juzu'i na ɗaya, juzu'i na biyu. Kulli kuwa ba ta zauna a bakin jama'a ba. Mu ɗauki tunanin, mu nemo masa kalmominmu.

An kuma kawo "a dunƙule" da "filla-filla". Da farko sun burge ni. Amma mukan ce a dunƙule idan za mu taƙaita magana, sai ɗalibi ya ɗauka makro taƙaitawa ce, filla-filla kuma shi ne cikakken karatun. Ba haka ba ne, kowanne yana da zurfinsa. Shi kuwa ɗan uwan da ya ce "a ɗaiɗaice", ina roƙonsa ya sake karanta jimlar da babbar murya: tattalin arziki a ɗaiɗaice. Kowa zai ɗauka rugujewa ake nufi.

Ga inda na tsaya. Maikro: ilimin tattalin arziki na ɗaiɗaiku. Makro: ilimin tattalin arziki na jimilla.

Na sa "ilimi" a gaba da gangan, domin tattalin arziki shi ne abin da ake nazari, ilimin kuma shi ne nazarin, kuma mun daɗe muna cakuɗa su. Na zaɓi jimilla saboda ita ce kalmar lissafi da kowa ya sani, kuma tana haihuwa. Da zarar ka kafa ta, sauran darasin zai biyo baya ba tare da wahala ba: jimillar buƙata, jimillar ajiya, jimillar jarin da aka zuba, jimillar abin da aka samar a cikin ƙasa, irin lissafin kuɗin shigar ƙasa da masanin tattalin arziki Simon Kuznets ya miƙa wa majalisar Amurka a 1934. Kalmar da za ta yi aiki a babi goma ta fi wadda za ta tsaya a bangon littafi.

Na san ƙorafin da za a yi wa ɗaiɗaiku, cewa kasuwa guda ai ta ƙunshi dubban masu saye. Haka ne. Amma ba mutane kaɗai ake nufi ba, har da ɗaiɗaikun kamfanoni da ɗaiɗaikun kasuwanni, kuma Hausa ta yarda da wannan amfani.

Ku gwada sunayen a kan wani abu da ke rikita ɗalibai ƙwarai. Farashin man fetur ya tashi, sauran kaya na nan yadda suke: wannan tsadar kaya guda ce, maganar ɗaiɗaiku, kuma amsarta tana cikin kasuwar man. Farashin kusan komai yana tashi wata bayan wata, kuɗin hannunka yana sayen abin da bai kai na bara ba: wannan hauhawar farashi ce, maganar jimilla, kuma sai ka duba yawan kuɗi, kuɗin ruwa da kashe kuɗin gwamnati. Ɗalibin da aka koya wa "ƙarami" da "babba" zai iya ɗauka bambancin shi ne yawan tashin. Wanda aka koya wa ɗaiɗaiku da jimilla zai fara da tambayar da ta dace: kaya ɗaya ne ko duka?

Masu koyar da wannan darasi, don Allah ku faɗa wa ɗalibanku sunayen biyu ba tare da bayani ba, ku tambaye su me suka fahimta, sannan ku kawo mana amsarsu a nan. Idan sun tsaya, zare na gaba zai kasance a kan abokiyar tafiyar "buƙata", domin "wadata" da wasu ke sawa tana nufin yalwa, alhali abin da ake so shi ne adadin kayan da masu sayarwa suka yarda su fitar a kowane farashi, ko da kaɗan ne.