Mai hoto daga Accra ko na can Elmina? Ku ba ni shawara kafin in tura kuɗi

Maman Hanifa (Nima):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yi. Yayana zai zo daga Jamus ƙarshen Disamba da matarsa da yara uku, kuma biyu daga cikin yaran Hajiyarmu ba ta taɓa ganinsu ido da ido ba. Mun shirya zuwa Elmina da Cape Coast, mu je mu dawo a rana ɗaya, mu goma sha biyu. Yaya ya ce in nemo ƙwararren mai hoto, ba ya son na waya. Na yi magana da wani a nan Accra, ya ce sidi 2,500, gyararrun hotuna 40, mota da abincinsa a kanmu, rabin kuɗin kafin alƙalami ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, albam kuma kuɗinsa daban. Maƙwabciyata ta ce kada in wahalar da kaina, a can ma akwai masu hoto da arha. Abubuwan da suka dame ni: Hajiya tana fama da gwiwa, ba ta hawan bene, albam wankakke take so ta riƙe a hannu, kuma ba ma son hotunan matan gidanmu su fito a Instagram. In ɗauki na nan ko in bari sai mun je? In da mace mai ɗaukar hoto ma, ya fi mana.

Ɗan Mamobi:
Wa alaikumus salam. Ai in daga Jamus Yaya yake, wayar da ke aljihunsa ta fi kyamarar masu hoton Nima gaba ɗaya. Ki ba wani yaron gidanku sidi 50 ya ɗauka, sauran ku ci dokunu da soyayyen kifi a bakin teku.

Anti Sabon Zango:
Ƙanwata, in dai kun kai Cape Coast, kada ku dawo ba ku je Kakum ba. Gadar igiyar nan ta saman bishiyoyi, nan ne wurin hoto! Yaran Turai za su so shi ƙwarai.

Maman Hanifa (Nima):
Anti, Hajiya da ƙyar take taka matakalar masallaci, ina ita ina gadar igiya?

Baban Sadik (Madina):
2,500 ya yi yawa, ya ji an ce Jamus ne shi ya sa. Ni bara na kai iyali wurin tunawa da Kwame Nkrumah, wanda aka gyara aka sake buɗewa a 2023, daga nan muka wuce dandalin Black Star. Sidi 800 na biya, hotuna sun fi 60, kuma sun yi kyau.

Umma Fadama:
Baban Sadik, kai cikin gari ka zagaya, awa biyu an gama. Ita wuni guda za ta ɗauke mutum, tafiyar kusan kilomita 150, ga cunkoson Kasoa safe da yamma. Mu 4,000 muka biya zuwa Cape Coast, har da albam da firam babba guda ɗaya. Ni a wurina 2,500 ɗin ma arharsa ce ta sa nake shakka.

'Yar Aboabo:
Maman Hanifa, don Allah ki karanta wannan kafin ki tura ko sisi. Ni 'yar Kumasi ce, aure ya kawo ni Ashaiman. Bayan Babbar Sallah ƙannena biyu suka zo daga Amurka, muka ce tunda Allah ya haɗa mu, mu kai Baba Elmina, don bai taɓa zuwa ba. Na samu mai hoto a Instagram, shafinsa cike da amare masu kyau. Na tura masa rabin kuɗi. Mun yi da shi ƙarfe takwas a bakin gidan tarihin Elmina, tsohon ginin nan da aka riƙa tsare bayi, bai iso ba sai da aka kusa kiran azahar. Baba yana cikin farar babbar riga, muka samo masa kujera a inuwa kusa da inda masunta ke ɗaure kwale-kwalensu, ya yi ta jan carbi bai ce komai ba.

Da mai hoton ya zo ya yi aikinsa, ba zan yi masa ƙarya ba. Akwai guda ɗaya da ya nuna mini a bayan kyamara: ɗan autana ya fizge hular Baba, Baba ya buɗe baki yana dariya, jikoki bakwai sun kewaye shi. Rabon da in ga Baba ya yi irin wannan dariyar tun kafin rasuwar Inna. A take na cika masa sauran kuɗinsa saboda daɗi.

Ya ce sati biyu. Sati biyu ya zama wata biyu. Ya turo mini guda biyar ta WhatsApp, sunansa a rubuce a tsakiyar kowanne, kuma babu na Baba da hular a ciki. In na kira, yau yana Takoradi, gobe kwamfutarsa ce ta lalace. Daga ƙarshe ya ce katin ajiyar ya mutu, komai ya tafi. Baba ya rasu kafin azumi ya zagayo. Ranar addu'ar arba'in ƙannena suka ce in turo musu hoton nan, na rasa bakin da zan gaya musu.

Umma Fadama:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ji ƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Baban Sadik (Madina):
Allah ya gafarta masa. Amma ya kamata ki kai shi wurin 'yan sanda, kuɗi ne ya karɓa bai yi aiki ba. Saƙon MoMo ai shaida ne.

'Yar Aboabo:
Amin, na gode. Ba ku ji ƙarshen ba. Bayan duk wannan, wata ƙawata ta turo mini shafinsa: ga ƙanwar mijina nan tsaye a jikin farin bangon Elmina, a cikin leshin da ta sa ranar, yana tallar aikinsa da ita. Ya ƙara mata fari har mijinta da ƙyar ya gane ta. To in katin ya mutu, daga ina wannan ya fito? Na rubuta masa, ya toshe ni. Ba kuɗin nake so ba wallahi. Hoto ɗaya nake nema, na Baba.

Ɗan Mamobi:
Ki ba mu sunan shafin, samarin Mamobi su je su yi masa sallama.

'Yar Aboabo:
A'a, na bar shi da Allah. Kuma kullum ina tunanin in na tona masa asiri zai goge abin da ya rage.

Abban Kyamara (Newtown):
Allah ya ji ƙan Baba, Hajiya. Ni sana'ata ce, kuma abin da ya yi miki ya ɓata mana suna duka. Kati yana mutuwa, gaskiya ne, amma yawancin kyamarorin aiki suna da ramin kati biyu, in an saita, duk hoton da aka ɗauka yana sauka a duka biyun lokaci guda. Maman Hanifa, wannan ce tambayar farko da za ki yi masa. Ta biyu, ki ce ya nuna miki aikin iyali ɗaya tun daga farko har ƙarshe, ba zaɓaɓɓu goma na shafinsa ba. Ku rubuta komai a WhatsApp: adadin hotuna, ranar bayarwa, da cewa ba zai ɗora ko ɗaya a intanet ba. Kada ki cika kuɗi sai albam ya shigo hannunki. Ku tafi da kwamfuta ko filas, ya zuba muku ɗanyun hotunan kafin ku rabu a ranar.

Sai maganar lokaci, wadda kowa ke raina wa. Bangon wurin fari ne fat, in rana ta take yana mayar da haske, ku kuma ga farar shadda ga baƙar fata: ko dai kaya su ƙone da haske a hoton ko fuska ta yi duhu, kowa yana runtse ido. Kafin tara na safe, ko bayan la'asar, nan ne haske mai taushi, kuma wajen shida rana ta faɗi. Ga hazon hunturu a ƙarshen Disamba, sama ba za ta fito shuɗiya ba, kada ku ce laifin mai hoto ne. In za ku iya, ku kwana a Cape Coast ku fito da sassafe. Ku kuma tambaya a bakin ƙofa, don shiga da babbar kyamara yakan zo da nasa kuɗin.

Baban Sadik (Madina):
To ga shi nan, mai kaya ya fito yana talla. Dole ka ce a ɗauki ƙwararre mana. Nawa ne naka farashin, mu ji?

Abban Kyamara (Newtown):
Alhaji, ban sa lambata ba, ban faɗi farashi ba. Wancan satin ma ina da biki biyu, ko ta neme ni ba zan samu zuwa ba.

Umma Fadama:
Haba Baban Sadik. Mutum ya ba da shawarar da ta fi ta kowa amfani, ka ce talla? Kai da ka taɓa ɗaukar mai hoto sau ɗaya a cikin gari, shawararka ce za a bi?

Baban Sadik (Madina):
Wanda ya biya kuɗi daga aljihunsa shi ya san zafinsa, ba wanda ya karɓa ba. Tambayar ta ce "waɗanda suka taɓa yi". Ni na taɓa.

Kawu na Hambog:
Ku daina faɗa a kan kuɗi. A nan Jamus abin da za ku biya na wuni guda ba zai ɗauki mai hoto awa biyu ba. Ki ba shi kawai, Yayanki ba zai ji komai ba.

Ɗan Mamobi:
Irin wannan maganar taku ce ta sa duk Disamba ko aski sai ya yi tsada a Nima, Kawu.

Malama Asawase:
Ni wani abu daban zan faɗa, kuma ki yi haƙuri in na fita daga tambayarki. Ina kai ɗalibai wurin nan, kuma abin da nake gani yana damuna. 'Yan Fotigal ne suka gina ginin Elmina a 1482, 'yan Holan suka ƙwace shi a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. A ɗakunan ƙasa aka riƙa tsare mutane cikin duhu kafin a fitar da su ta wata ƙaramar ƙofa zuwa jiragen ruwa, ƙofar da in an fita ba a dawowa. Da yawa daga cikinsu daga arewa aka koro su a ƙafa, wasu ta kasuwar Salaga, aka yi musu wankan ƙarshe a rafin Assin Manso. Wato ba baƙi ba ne a wurinmu. Sai ka ga mutum ya tsaya a bakin wannan ƙofa ya ɗaga yatsu biyu yana murmushi, mai hoto yana ce masa ya ƙara karkata kai.

Shawarata, ku shiga ku saurari mai zagayawa da baƙi, yaran Yayanki su ji tarihin, ku yi wa mutanen addu'a. Hoton farin ciki kuwa ku yi shi a waje, ta wajen gadar da ke kan ruwan Benya, inda kwale-kwale masu launi suke jere, ginin yana bayanku. Can ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, Hajiya za ta iya. Ciki kuwa matakala ce mai tsayi, kuma kada a ce mata ta hau tudun St. Jago don neman hoto daga sama.

Maman Hanifa (Nima):
Malama, Allah ya saka da alheri, ke kaɗai kika tuna da gwiwar Hajiya. Amma har yanzu ba wanda ya ce mini ya taɓa ɗaukar na can. Suna bayarwa a ranar? Suna wanke albam?

Anti Sabon Zango:
Me ya sa ma sai Elmina? Ga Jamestown nan kusa da ku, da hasumiyarsa mai ja da fari. Can ne ma tsohon gidan hoton nan yake, Deo Gratias, tun 1922. Ku biya ta Babban Masallacin Kanda da Turkiyya ta gina, ku yi na iyali a harabar, kafin azahar kun dawo gida.

Umma Fadama:
Ni dai maganar ƙara fari ɗin nan ce ta tsaya mini. A bikin 'yata haka aka yi, aka mayar da ita wata daban, fuska fara, hannu baƙi. Dangin miji na Kumasi da suka ga hoton suka ce ba ita ba ce. Wa ya gaya wa masu hoton nan cewa muna ƙin fatarmu?

Abban Kyamara (Newtown):
Hajiya, rabin amaren da nake ɗauka su suke cewa in ƙara. In na bar mace yadda Allah ya yi ta, sai ta dawo da hoton ta ce na ɓata ta.

'Yar Aboabo:
Ƙanwar mijina ba ta ce a ƙara ba. Ba ta ma ce a ɗora ba.

Baban Sadik (Madina):
Duk matsalar kafin alƙalami ce. Da mai hoto da mai bidiyo da tela, da zarar kuɗi ya shiga wayarsu shi ke nan. Telana ya riƙe mini shadda tun kafin azumi, da tsohuwar riga na je Idi, har yau wuyan bai gama ba.

Anti Sabon Zango:
Kai naka ma yana nan. Ni leshina aka yanka wa wata, da idona na gan shi a jikinta a wurin suna!

Maman Hanifa (Nima):
Jama'a, mutumin ya ce in ban tura zuwa Juma'a ba zai ba wani ranar. Akwai wanda ya san mace mai hoto?

Umma Fadama:
Anti, kin yi mata magana kuwa a wurin sunan? Kuma telan, ya biya ki kuɗin leshin ko shi ma cewa ya yi ɓarayi sun shiga shago?